Bayan Dashen Ƙoda: Wane Magani Ya Dace da Jikin da Ke Saurin Sarrafa Takrolimus?

Ɗauki mutum biyu da aka yi wa dashen ƙoda rana ɗaya. Bayan wata uku suka koma asibiti, aka ɗebi jininsu da safe kafin su sha magani, sakamako ya fito iri ɗaya: takrolimus ɗin da ke jinin kowannensu, wato maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, 7 ne. Amma na farko miligiram 3 kawai yake sha a rana, na biyu kuwa sai da aka kai shi miligiram 12 kafin ya taɓo bakwai ɗin nan. Takardar gwaji ta ce su ɗaya ne. Abin da ke wakana cikin jikinsu kuwa ya sha bamban, kuma ba lallai ƙodojin nan biyu su yi nisan kwana ɗaya ba.

Saboda mutum na biyu nake wannan rubutu, da 'yan'uwansa masu jinyarsa. In ya zauna gaban likita, manyan hanyoyin da za a iya shimfiɗa masa huɗu ne: ya ci gaba da takrolimus na safe da dare, ko a mayar da shi kan takrolimus mai sakin kansa a hankali, ko a koma wa tsohon magani saiklosforin, ko a bar ƙwayoyin wannan dangi gaba ɗaya a kama belatasept da ake bayarwa ta jijiya. Ba abin da ke nan da zai halatta wa majinyaci ya sauya magani ko ya rage shi da kansa. Mutum kan rasa ƙoda a kan haka cikin 'yan makonni. Abin da nake so shi ne ya shiga ɗakin likita ya san abin da zai tambaya.

Takrolimus magani ne da kamfanin Fujisawa ya gano a 1984 cikin wata ƙwayar bakteriya da aka tono daga ƙasa kusa da Dutsen Tsukuba a Japan. Aikinsa shi ne ya ɗaure hannun fararen ƙwayoyin jini masu lura da baƙo, don kada garkuwar jiki ta kai wa sabuwar ƙoda farmaki. Wahalarsa ita ce tsakanin awon da ke kare ƙoda da awon da ke lalata ta babu tazara mai yawa. Ya yi kaɗan, jiki ya ƙi ƙodar. Ya yi yawa, ya matse ƙananan jijiyoyin jinin ƙodar da aka ba shi tsaro, a hankali ya bar mata tabon da ba ya warkewa. Gaba kura, baya sayaki.

Ba duk abin da aka haɗiya ne ke isa jini ba. A yawancin mutane kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke tsira. Sauran, tun a bangon hanji wasu sinadarai masu farfasa magani suke tare shi, hanta kuma ta ƙarasa. Biyu daga cikinsu ne ke da muhimmanci a nan, ana kiransu CYP3A4 da CYP3A5. Na farkon kowa yana da shi. Na biyun gado ne: wanda ya gaji kwafi mai aiki daga uwa ko uba, jikinsa na ƙera shi, wanda bai gada ba kuma babu shi. Cikin Turawa, kusan mutum ɗaya ko biyu cikin goma ne ke da shi. Cikin mutanen da asalinsu Afirka ne kuwa, mafi rinjaye suna da shi. Wannan batu ya dame ni ƙwarai, domin manyan gwaje-gwajen da aka gina awon maganin a kansu galibi kan Turawa aka yi su, ga shi kuma jikin da ke ƙera CYP3A5 kan buƙaci ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na abin da ake ba sauran kafin ya kai ma'auni ɗaya.

To mene ne laifin shan magani da yawa, tunda jikin na ƙone shi? A nan ne maganar tudu da kwari ta shigo. In an sha takrolimus na safe da dare, yakan haura ƙololuwa cikin awa ɗaya zuwa biyu, sa'annan ya yi ta gangarowa har awa goma sha biyu ta cika. Jinin da ake ɗiba a asibiti a can ƙasan kwarin ake ɗibarsa, dab da shan na gaba. Mai jinkirin sarrafawa, tudunsa gajere ne, gangararsa a hankali. Mai saurin sarrafawa kuwa, kafin a sami bakwai a ƙasan kwari sai an fara daga tudu mai tsawo sosai, tunda gangararsa da gudu take. Wannan tudun ba ya fitowa a takardar gwaji. Amma ƙoda tana jinsa sau biyu kowace rana, hannu ma yana jinsa, shi ya sa wasu kan lura karkarwar hannunsu da ciwon kai sun fi tsananta awa biyu bayan shan magani.

Akwai lissafi mai sauƙi da ke tona wannan, kuma ba ya buƙatar wani sabon gwaji. A raba sakamakon jini da jimillar miligiram ɗin da ake sha a rana. Mutuminmu na farko: 7 a raba 3, ya ba da kusan 2.3. Na biyu: 7 a raba 12, bai kai 0.6 ba. Likitocin jami'ar Münster ta Jamus, ciki har da Gerold Thölking, sun yi amfani da wannan ma'auni a 2014, suka sa iyaka a 1.05: duk wanda ya gaza haka mai saurin sarrafawa ne. Suka ga waɗannan aikin ƙodarsu ya fi rauni a shekarun farko, an fi samun alamun gubar magani a tsokar ƙodar da aka ɗebo, kuma ƙwayar cutar BK, mai farfaɗowa cikin ƙoda in an danne garkuwa da yawa, ta fi damun su. A 2020 masu bincike a Grenoble ta Faransa suka bi bayanan fiye da mutum dubu, suka tarar haɗarin rasa ƙoda ya kai kusan ninki biyu ga waɗanda ke ƙasa da wannan iyaka.

Sai dai a yi adalci: waɗannan bincike na bin fayil ne, sun nuna abubuwa biyu na tafiya tare, ba su tabbatar ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Ga misali, wanda jikinsa ya taɓa ƙin ƙodar akan ƙara masa firednisolon, wani maganin danne garkuwa, shi kuwa firednisolon yana ƙara wa hanta saurin ƙone takrolimus. Ka ga ke nan wani lokacin matsalar ƙodar ce ta jawo saurin, ba saurin ne ya jawo matsalar ba. Duk da haka ban yarda a yi watsi da lissafin ba. Kyauta ne, yana kuma nuna wanda ya kamata a fi sa wa ido. Amma a bari a wuce watannin farko, lokacin da awon sauran magunguna ya lafa, kafin a ɗauke shi da muhimmanci.

Gwajin gado fa? Ana iya duba CYP3A5 tun kafin aiki, kuma ƙa'idar da ƙungiyar CPIC, mai tsara awon magani bisa gado, ta fitar a 2015 ta ce wanda ke da shi a fara masa da ninki 1.5 zuwa 2 na awon da aka saba, muddin ba a haura miligiram 0.3 ga kowane kilo na nauyinsa a rana ba. An gwada wannan. A Faransa, gwajin da aka wallafa a 2010 kan mutum 280 ya nuna an fi saurin kai wa ma'aunin da ake nema: kashi 43 cikin 100 suka kai a kwana na uku, maimakon kashi 29 na waɗanda aka ba awon da aka saba. A Rotterdam ta Holan kuwa, gwajin 2016 kan mutum 240 bai ga bambanci ba. A duka biyun ƙin ƙoda bai ragu ba. Dalili a fili yake: a makonnin farko kusan kullum ana auna jini ana gyara awo, don haka kuskuren farko ba ya daɗewa. Ra'ayina, inda gwajin yake a hannu a yi shi, inda babu kuma rashinsa ba asara ba ce babba, matuƙar ana auna jini a kai a kai.

Yanzu zaɓi na farko, zama kan takrolimus na safe da dare, wanda aka fi sani da sunan Prograf. Kada saurin sarrafawa ya sa a manta dalilin da ya ɗora shi a gaba. A gwajin Symphony na 2007, an raba mutum 1,645 gida huɗu. Cikin shekara ɗaya, kashi 12.3 na masu shan takrolimus ne jikinsu ya kai wa ƙodar farmaki, alhali ga masu shan cikakken awon saiklosforin kashi 25.8 ne, ga masu sirolimus, wani maganin danne garkuwa, kuma 37.2. Ƙarfin tace jini ma nasu ya fi na kowa, 65 a kan 57 zuwa 59 na sauran. Wannan sakamako ne ya sa ƙa'idojin 2009 na KDIGO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, suka fifita shi. Likitoci sun san shi ciki da waje, ɗakunan gwaji sun saba auna shi, in an sami tangarɗa kuma gyaransa na da sauri. Mai saurin sarrafawa wanda kiriyatinin ɗinsa, wato ma'aunin aikin ƙoda a gwajin jini, ke zaune lafiya, hannunsa ba ya rawa, sakamakon jininsa ba ya tsalle-tsalle, ban ga abin da zai sa a taɓa shi ba. Ba kowane mai lissafin 0.9 ne ke cikin hatsari ba.

Illolinsa dai sanannu ne: ciwon suga, wanda a Symphony ya kama kashi 10.6 na masu shansa, sai karkarwa, zubewar gashi, gudawa, rashin barci. Kuma yana son tsari. Abinci mai maiƙo na rage shigarsa jini, saboda haka wanda yau ya sha da abinci gobe ya sha da yunwa shi da kansa yake sa sakamakonsa rawa.

Zaɓi na biyu ya kasu biyu, kuma mutane da yawa kan ɗauka abu ɗaya ne. Akwai Advagraf, wanda a Amurka ake kira Astagraf XL, mai sau ɗaya a rana. Amfaninsa na gaske shi ne rage mantuwa, domin ƙwayar dare ita aka fi tsallakewa, kuma wani gwaji da aka yi a Beljiyam ya nuna masu sau ɗaya sun fi kiyayewa. Amma ga matsalar da muke magana a kai bai yi wani abin kirki ba. Wanda aka mayar kansa miligiram da miligiram, kwarinsa kan ɗan faɗi, sau da yawa sai an ƙara awo, mai saurin sarrafawa kuma ya ci gaba da haɗiyar tuli.

Envarsus daban ne. An samu amincewa da shi a Turai a 2014, a Amurka a 2015. Yadda aka sarrafa ƙwayar, ba ta zubar da kayanta a farkon hanji inda sinadaran CYP3A suka fi yawa. Tana tafiya tana saki kaɗan-kaɗan har can ƙasa inda suka yi ƙaranci. Sakamakon haka, abin da ke isa jini ya fi yawa, sai awon ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ƙololuwar kuma ba ta zuwa sai wajen awa shida, ta zo a kwance ba a tsaye ba. Binciken da ya fi burge ni a kansa ƙarami ne, mutum 50 ne kawai, amma dukkansu baƙaƙen fatar Amurka, aka wallafa shi a 2018. A kan takrolimus na safe da dare, ƙololuwar masu CYP3A5 ta ɗara ta marasa shi da kashi 33 cikin 100. Da aka juya su kan Envarsus, tazarar ta sauko zuwa kashi 11. Wato maganin ya rage wa gado tasiri. Wani gwajin na 2015 ya nuna masu fama da karkarwar hannu sun sami sauƙi bayan sauyin. Likitocin Münster ma sun ba da rahoton cewa masu saurin sarrafawar da aka sauya da wuri aikin ƙodarsu ya farfaɗo, ko da yake wannan ma daga bin fayil ya fito.

Amma kada a ɗora masa abin da bai yi ba. A babban gwajinsa, mai mutum 543 da aka fara musu tun ranar dashe, gazawar magani cikin shekara ɗaya kashi 18.3 ce a kan 19.6 na tsohon. Kunnen doki ke nan. Ga jama'a gaba ɗaya bai fi ba, bai gaza ba. Fifikonsa ga rukuni ɗaya ne, masu dogon tudu. Sa'annan duk illolin da ba daga tudu suke zuwa ba suna nan: ciwon suga bai tafi ba, haɗuwarsa da sauran magunguna ma tana nan yadda take. Abu ɗaya mai hatsari da nake so a riƙe: waɗannan ƙwayoyi uku duk sunansu takrolimus, amma ba a musanya su kai tsaye. Wanda aka ba Envarsus da awon Prograf magani na iya yi masa yawa a jini, wanda aka ba Prograf sau ɗaya a rana ya kwana ba tsaro. A duba kwali duk lokacin da aka karɓi sabon magani.

Akwai wata dabara da wasu cibiyoyi ke yi, su haɗa takrolimus da diltiyazem, maganin hawan jini, ko ɗan ƙaramin awon ketokonazol, maganin cutar fungus, da gangan don su rage wa hanta gudu. Tana aiki, awon yakan sauko sosai. Abin tsoron shi ne ranar da wani likitan da bai san dalili ba ya cire diltiyazem ɗin, ko majinyaci ya rasa shi na mako guda, takrolimus zai zube ƙasa ba tare da wata alama ba. Wanda ke kan wannan tsari ya ɗauki ƙwayoyin biyu tamkar abu ɗaya.

Saiklosforin shi ne dattijon gidan. Roy Calne ya fara ba masu dashen ƙoda shi a Cambridge a 1978, Amurka ta amince da shi a 1983, kuma shi ne ya mayar da dashe daga caca zuwa magani. Abin da ya sa yake shigowa wannan zance shi ne CYP3A5 bai cika taɓa shi ba kamar yadda yake taɓa takrolimus, don haka gadon da ya wahalar da mutum a can ba zai bi shi nan da ƙarfi ba. Ciwon suga ma ya fi sauƙi a kansa: a wani gwaji na 2007, kashi 26 suka sami matsalar suga cikin wata shida, a kan kusan 34 na takrolimus. Karkarwa da ruɗewar ƙwaƙwalwa su ma sun fi sauƙi.

Duk da haka, in don saurin sarrafawa kaɗai za a koma masa, ina ganin an gudu gara ne an faɗa zago. Shi ma yana matse jijiyoyin ƙoda, tsaronsa kuma bai kai na takrolimus ba, alƙaluman Symphony na sama sun isa shaida. Yana ɗaga hawan jini da kitsen jini, yana kumbura dasashi, yana tsirar da gashi a fuska, abin da kan sa 'yan mata da samari su daina sha a ɓoye. Sa'annan yana da wata ɓarna da ba a cika faɗa ba. Kusan kowane mai dashe yana shan maikofenolet a matsayin magani na biyu. Hanta kan sauya shi ta zuba cikin ruwan matsarmama, ƙwayoyin hanji su kwance shi, jiki ya sake tsotse shi, kuma wannan zagaye na biyu kan ba da wajen kashi 40 cikin 100 na abin da jini ke samu. Saiklosforin yana toshe ƙofar da maganin ke bi ya shiga matsarmama. Saboda haka wanda aka mayar kansa ba a ƙara masa maikofenolet ba, an rage masa garkuwa biyu a lokaci ɗaya. Akasin haka ma gaskiya ne: wanda aka ɗauke daga saiklosforin zuwa takrolimus na iya fara gudawa ko fararen ƙwayoyin jininsa su faɗi, don maikofenolet ya ƙaru a jikinsa ba tare da an taɓa awonsa ba. Wurin saiklosforin a yau shi ne wanda takrolimus ya jefa cikin suga mai wuyar shawo kai, ko ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma garkuwarsa ba mai zafin kai ba ce.

Sirolimus da eberolimus ba sai an tsaya a kansu ba a nan, don su ma ta hannun CYP3A suke bi.

Belatasept ne kaɗai ya fita daga wannan rigima baki ɗaya. Furotin ne, ba ƙwaya ba, ba ruwansa da CYP3A. Ba ya buƙatar a auna yawansa a jini, ba ya matse jijiyoyin ƙoda, sauran magunguna ba sa ɗaga shi ko sauke shi. Ana ba da shi ta ƙarin ruwa na kimanin minti 30, in an wuce watannin farko sau ɗaya kowane mako huɗu. An amince da shi a 2011. A gwajin BENEFIT mai mutum 666, da aka bi su shekara bakwai, haɗarin mutuwa ko rasa ƙoda ya ragu da kashi 43 cikin 100 idan aka kwatanta da saiklosforin, ƙarfin tace jini kuma ya haura 70 yayin da na masu saiklosforin ya gangara kusan 45. Da wuya a ga tazara irin wannan a fannin dashe.

To me ya hana kowa komawa kansa? Na farko, da saiklosforin aka gwada shi, ba da takrolimus ba, don haka mai yiwuwa tazarar gaskiya ba ta kai haka ba. Na biyu, farmakin garkuwa a shekarar farko ya fi yawa: kashi 17 zuwa 22 a kan kashi 7. Na uku, haramun ne ga wanda bai taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar EBV ba, saboda haɗarin wata kansar ƙwayoyin garkuwa da kan kama har ƙwaƙwalwa, don haka sai an gwada jini tukuna. An kuma fi ganin tarin fuka a masu karɓarsa, dole a bincika kafin a fara. Sa'annan yana ɗaure mutum da asibiti wata-wata har abada, ba fashi. Shi ya sa cibiyoyi da yawa ba sa farawa da shi, sukan bari a wuce wata shida sannan a juya. An gwada wannan kan mutum 446, aka wallafa a 2021: bayan shekara biyu waɗanda aka juya sun ɗara da kusan maki 7 a tace jini, amma farmaki ya kama kashi 8 a kan 4, kusan duka a watannin farkon sauyin. Ga mai saurin sarrafawa da tsokar ƙodarsa ta riga ta nuna tabon magani, aikinta kuma na raguwa ko da an gyara takrolimus, wannan ciniki ne da ya cancanta.

Akwai hanya ta biyar da ba na so a bi, kuma ita ce ta fi jan hankali: a sauke kwarin don a sassare tudun. Mutum ya ga yana shan miligiram 14, ya tsorata, ya nemi a rage. Matsalar ita ce mai saurin sarrafawa dama maganin ya fi saurin gangarawa a jininsa. In aka bar kwarin yana zama ƙasa da 5, garkuwa kan fara ƙera makamai na musamman a kan ƙodar, a ɓoye, ba zazzaɓi ba ciwo, sai bayan shekaru a ga furotin cikin fitsari. Wani gwaji a Faransa ya rage awon da rabi daga wata na huɗu ga marasa lafiyar da ake ganin ba su da hatsari, aka sami ƙarin farmaki da waɗannan makamai, ƙodar kuma ba ta ƙaru da komai ba. Ko a Symphony, inda aka ce a nemi 3 zuwa 7, yawancin mutane kusa da bakwai suka zauna. Masu bincike a Edmonton ta Kanada kuma sun duba ƙodojin da suka mutu, a 2012 suka bayyana cewa ƙin ƙoda ne babban sanadi, kuma kusan rabin waɗannan ba sa shan magani yadda aka tsara. Ga wanda jikinsa ke ƙone magani da sauri, jinkirin awa huɗu ma rami ne. Wannan ne ya sa nake ganin rawar sakamako, yau 4 gobe 11, ta fi yawan miligiram zama abin tsoro.

Saurin jiki kuma ba abu ne tsayayye ba, ko ga wanda ya gaje shi. Rifamfisin na tarin fuka kan zaburar da hanta har a ninka takrolimus sau uku zuwa biyar bai isa ba, shi ya sa akan nemi rifabutin a madadinsa. Magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin, fenitoyin da fenobabiton haka suke yi. A ɗaya ɓangaren, magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su kilaritromaisin, iritromaisin, fulukonazol da 'yan'uwansa, da ritonabir da ke cikin wasu magungunan ƙanjamau da kuma Paxlovid na cutar korona, kan danne hantar har magani ya taru ya zama guba cikin kwanaki. Lemon garehul ma haka. Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne gudawa. Hankali zai ce magani ya fita da ita, sai a ƙara. A'a, bangon hanjin da ke tare maganin ne ya lalace, sai takrolimus ya kwarara cikin jini, ga kuma ƙoda cikin ƙishirwa. Gudawar da ta wuce kwana biyu dalili ce ta zuwa auna jini. Ƙarancin jini kuwa yakan sa sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, domin maganin cikin jajayen ƙwayoyin jini yake zama. Haɗuwa da waɗannan magunguna tana kama Prograf, Advagraf, Envarsus da saiklosforin duka. Wanda rashin lafiyarsa ta tilasta masa zama kan irin waɗannan magunguna shekara da shekaru, wannan kaɗai na iya karkatar da shi wajen belatasept.

Da ɗan'uwana ne mutum na biyun nan, mai miligiram 12, ga abin da zan ce masa. Ya fara tabbatar da cewa lambar gaskiya ce: ana ɗibar jinin awa goma sha biyu cif bayan ƙwayar dare, kafin ta safe, yana sha a lokaci ɗaya kuma da tsarin ci iri ɗaya, babu wani magani ko haɗin ganye da ya shigo ba a sani ba. In lissafinsa na wata uku da na wata shida duk sun gaza 1.05, kuma ga karkarwa, ko kiriyatinin na hawa a hankali, ko BK ta bayyana a jini, ya tambayi likitansa Envarsus kafin komai, domin shi ne sauyin da ke taɓa tudun ba tare da ya sassauta tsaro ba. In an yi haka ƙodar ta ci gaba da ja da baya, kada ya yarda a yi hasashe, a ɗebo tsoka a duba, don gubar magani da farmakin garkuwa kamanninsu ɗaya a gwajin jini alhali maganinsu kishiyoyi ne. Tsokar ta nuna guba, gwajin EBV ya nuna ya taɓa haɗuwa da ita, yana kuma iya zuwa asibiti kowane mako huɗu, to a yi maganar belatasept. Saiklosforin sai in suga ko ƙwaƙwalwa ce ta kore shi, kuma ranar da aka sauya a sake duba awon maikofenolet. Kowanne aka zaɓa, a sake auna jini cikin mako guda da sauyin, a kuma riƙa maimaitawa har sakamako biyu a jere su zo daidai.